Matar Mahaƙin Rijiya da Ƙwayoyin 'Yan Dubiya

Ke Lantana, da girmanki da 'ya'yanki uku kike tambayata ko a haɗa wa mijinki jar ƙwaya da mai ruwan ɗorawa don bayansa ya saki? Tambayar ma abin kunya ce. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma furfurar nan ba a kasuwa na sayo ta ba. Ajiye su nan kan tabarma, ki buɗe kunne.

An yi wata mata, matar wani mahaƙin rijiya, mutumin da ƙauyuka bakwai ke shan ruwan hannunsa. Wata bazara yana haƙa wa unguwarsu rijiya, har ƙasa ta fara fitowa da danshi, bai fi gaba biyu ya cim ma ruwa ba, sai kafaɗa ta riƙe masa. Irin ciwon nan ne da hutun kwana uku da gashin ruwan zafi kan sallama. Amma matan unguwa sun gaji da tafiya rafi, kullum sai sun leƙa ramin, ita kuwa so take a ce mijinta ne ya ba su ruwa kafin damina. Ta je shago ta sayo masa ƙwayar ciwon jiki. 'Yan dubiya suka fara sallama, kowa da wadda ta taɓa yi masa aiki. Mahauci ya zaro tasa daga aljihu, ƙanen miji ya kawo wadda direbobi ke sha, maƙwabciya ta kwance bakin zane ta miƙo guda huɗu. To wa zai mai da hannun kyauta baya? Ta tara su a murfin kwano. A tunaninta, tunda launi ya bambanta aiki ma ya bambanta, wannan ta kama ƙashi, waccan ta kama jijiya. Da sassafe, ko koko bai kurɓa ba, take ba shi uku-uku, ya kora da ruwa, ya saɓi diga ya sauka rami. Ciwo ya yi shiru. Ta yi ta murna, har tana ba wasu mata shawara.

Kwana na shida ya ce cikinsa kamar an zuba garwashi. Ta ƙara masa wata, ai maganin ciwo ne. Kwana na takwas da igiya aka jawo shi daga ramin yana aman jini baƙi ƙirin. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta baje bawon ƙwayoyin a tebur, ta ce, "Baiwar Allah, sunayen ne uku, amma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Akwai waɗanda ake haɗawa, sai dai mai sani ne ke faɗin awo da lokaci. Waɗannan kuwa taruwa suka yi a kan yunwa suka huda masa ciki." Aka yanka shi aka ɗinke. Ya rayu, amma bai ƙara riƙe diga ba. Wani baƙo aka ɗauko ya ƙarasa ɗan abin da ya rage, kuma da sunan baƙon ake kiran rijiyar har yau. Shekara ashirin tana jan ruwa a cikinta tana dama wa mijin kunu, ba tsami ba yaji, bai taɓa buɗe baki ya ce ke kika ja mini ba. Da ya faɗa ma, da ya fi mata sauƙi.

Kada ki tambaye ni inda na san ta. Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido. Gobe ki kai mijinki asibiti a duba bayan nan, ki tafi da ƙwayoyin cikin bawonsu a gani.

Ku kuma masu leƙe a bakin ƙofa, tatsuniya aka ce muku ina yi? Maza ku wuce ku kwanta, kafin in lalubo tsumagiya.