Gurbin Meshak

Ƙyalle ɗaya ya rage, kuma shi ne ya hana Mama Hulda sakat.

Tun farkon kaka take kan wannan bargon a ɗan shagonta na ɗinki a Kafanchan. Zumuntar Mata ta cocinsu ce ta ba ta aikin: kowane gida da ya rasa mutum a harin bara ya kawo rigar mamacinsa, a yanki daidai tafin hannu, a haɗa su bargo guda, a rataye a coci ranar Lahadin tunawa, kafin Kirsimeti. Ɗanta Nathan yana cikin mamatan. Shuɗiyar rigarsa ta ƙungiyar mawaƙa ta sa a tsakiya.

Kusa da Nathan ta bar gurbi. Na Meshak ne, ɗan acaɓa, mijin Tamar.

Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu, mutane sun ruga rumbun citta da ke bayan dutse, wurin da baƙo ko da rana tsaka ba zai gano ba. Amma kai tsaye maharan suka nufe shi, suka cinna wuta. Har yau ana cewa ɗan gida ne ya nuna hanya, har yau kuma ba a san ko wane ne ba. Gawawwakin ba su ganu ba, rami ɗaya aka yi musu. An sami babur ɗin Meshak a ƙone a bakin rumbun, Tamar kuma ta ce mijin nata Nathan ya ɗauko a kai, ya kai shi maɓoya. Shi ya sa Hulda ta yi alkawari a gaban Allah: wanda ya mutu yana neman ceton ɗanta, a gefen ɗanta zai zauna, kowa ya gani.

To, kowa ya kawo nasa. Har Baba Obadiah, da ido ya mutu masa, ya lallaɓo da zanen matarsa a ƙarƙashin hammata. Tamar kuwa, yau a ce kayan sun ƙone, gobe a ce za ta duba. Mata suka fara tsegumi, wai ko ta yi sabon saurayi ne ta manta. Hulda ta taka musu burki. Kowa da irin kukansa, in ji ta, ku bar yarinya.

Amma Lahadi ta matso, kuma bargo mai rami a tsakiya ba ya ratayuwa. Ranar Juma'a Hulda ta rufe shago, ta hau mota zuwa ƙauyen.

Yawancin mutane sun dawo gari, Tamar ce ta ƙi. Tana can ita kaɗai a gidan gona, can ƙarshen ƙauye, citta shanye a tsakar gida. Tun daga nesa da ta hango baƙuwa ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma.

"Mama Hulda ce! Mama Hulda, sannu da zuwa!"

Ba ta ce a shiga ɗaki ba. Kujera ta fito da ita ƙarƙashin mangwaro. Yarinyar ta rame, abin tausayi, ga kuwa tukunyar fate tana tafasa a murhu, wadda za ta ƙosar da ma'aikatan gona.

"'Yata, ba faɗa na zo yi ba," in ji Hulda. "Ni ma da na sa almakashi a rigar Nathan, sai da na yi kwana biyu ban ci abinci ba. Amma mijinki ba zai zama shi kaɗai ne babu a bargon nan ba."

"Mama, babu abin da ya rage. Wallahi babu."

Hulda ta nuna igiyar shanya da haɓa. Tsakanin zannuwa akwai rigar namiji mai ratsin ja. Duk wanda ya taɓa hawa bayan Meshak ya san ta.

"Wannan fa?"

Tamar ta yi tsuru-tsuru. "Ina wanke ta ne kawai. Don kada ta yi wari."

Wayyo, sai zuciyar Hulda ta karye. Ai ita ma har yanzu tana goge takalman Nathan. Ta tashi da kanta ta cire rigar, ta ninke, ta sa a jaka. Tamar ta zube a ƙasa ta riƙe mata ƙafa.

"In dole ne, Mama, ki sa shi can ƙasa, a bakin bargo. Don Yesu, kada ki sa kusa da Nathan."

"Tashi, ke! Wane irin ƙasƙantar da kai ne wannan? Mijinki jarumi ne."

Tamar ba ta raka ta ko bakin hanya ba.

Da safiyar Asabar Hulda ta shimfiɗa bargon a kan tebur, ta yi addu'a, ta ɗauko rigar. Bayan riga ya fi ƙwari, nan ake yanka, don haka ta juya ta ciki waje tana neman inda bai ci ba. A ƙarƙashin hannun dama ta ga faci, ɗinkin hannu, irin na matar da ba ta son mijinta ya fita da yagaggiyar riga.

Ta kai shi bakin taga. Almakashin ya suɓuce ya faɗi ƙasa, ba ta ko duba ba.

Ta san yadin facin, ita ce ma ta ɗinka wa Tamar riga da shi. Baƙi ne mai ƙananan gicciye farare, ankon makokin da Zumuntar Mata ta raba wa gwauraye wata guda bayan an binne Meshak, ga shi kuma har ya koɗe da gumin hammatar namiji. Mamaci kuwa ba ya gumi.