Farantin Dama

A rana ta tara da fara gwajin, na'a-na'ar da ke farantin dama ta ƙara nauyin giram biyu.

Ganyen da aka tsinka ba ya ƙiba, ko 'yan aji ɗaya sun san haka. Dokta ya dubi sikelin yadda yake duban yawancin mutane, ya ce na gwanjo ne, sannan ya rubuta nauyin jiya a gurbin na yau.

Shekara uku ya yi yana haɗa ruwan feshin. Daga ɓawon jatan lande ake samo shi, a mayar da shi ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ake kira nano. Idan aka fesa wa ganye, sai su yi masa siririyar riga da ke hana shi yaushi, kuma ana cinye ta tare da ganyen. Haka dai takardar neman tallafi ta ce. Gwaji goma sha ɗaya sun ce wani abu daban. Wannan ne na sha biyu, kuma shugaban cibiyar binciken da yake aiki ya sanar da shi cikin ladabi cewa babu na sha uku. Kwamiti zai zo a rana ta sha huɗu, ya gani da idonsa, ya yanke ko za a sabunta masa kwantiragi.

Faranti biyu ne a kan tebur, nesa da taga. Na dama an fesa, na hagu an bar shi da halinsa. Cikin kwana uku na hagu ya kwanta ya yi baƙi. Na dama kuwa kullum ƙarfe tara a miƙe yake, kore shar, ƙamshinsa har baranda.

Dokta bai yi mamaki ba. Abin da ke ba shi mamaki a rayuwa shi ne jinkirin da duniya ke yi kafin ta gane shi.

Farfesan da ke ofishin kusa ya leƙo, ya tambaya ko ya duba rigar a ƙarƙashin na'urar ganin ƙananan abubuwa. Dokta ya riga ya duba, bai ga komai a kan ganyen ba.

"Ka ga ƙarshen ƙwarewa ke nan," in ji Dokta. "Ta yi siririn da ko na'ura ba ta kama ta."

Farfesa ya ce Allah ya sa alheri, ya ja ƙofa. Dokta ya ɗauki wannan a matsayin hassada, wadda a ganinsa ita ce babbar sana'ar ginin. A gida matarsa ta ce ita a jiƙaƙƙen tsumma take naɗe nata, ya yi mako. Ya ce mata shi ya sa ba a ba da digiri a kicin.

Bayan shi, mutum ɗaya ne ke da makullin ɗakin gwajin: mai shara, dattijuwa mai ɗingishi da kowa ke kira Inna. Shi "ke" yake ce mata, ya ga hakan ya wadatar. Takan zo ƙarfe bakwai da bokiti da 'yar jakar ledarta, ta gama kafin masu ilimi su iso. Tun ranar farko ya tsayar da ita ya karanta mata dokokin ɗakin, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa wanda ba a sa ran zai fahimta.

A rana ta sha ɗaya ya yi sammako. Ya same ta tsaye a gaban teburin, hannunta a jiƙe, ɗigon ruwa a bakin farantin dama.

"Ranka ya daɗe, bari in yi maka bayani..."

"Ranar da nake neman shawarar tsintsiya zan aiko. Ba ni makullin."

Kafin rana ta yi tsaka ya sa an mayar da ita wankin banɗakunan ƙasa. Ya kulle ɗakin da hannunsa. Kwana biyun da suka rage na hutun ƙarshen mako ne. Ya ƙarar da su yana gyara jawabi da gwada sabuwar kwat a gaban madubi.

A rana ta sha huɗu ya buɗe ƙofar a gaban 'yan kwamitin su biyar, ya ja gefe don kada ya tare musu gani.

Shugabar kwamitin ta daɗe tana duban teburin. Sannan ta tambaya, ba tare da wata mugunta ba, wanne ne aka fesa wa.

Ya yi maganar zafin ɗaki. Ya yi maganar maƙiya. Suka saurara da irin haƙurin da ake yi wa maras lafiya, suka rufe fayil, suka yi masa godiya bisa shekaru ukun da ya yi tare da su.

Bibiyu ya riƙa tsallake matakala har ƙasa. Ya same ta a durƙushe tana goge tayil.

"Ke! Me kika zuba wa ganyena ranar nan?"

Ta matse tsumman a bokiti, ta ɗago.

"Ni ban taɓa zuba masa komai ba, ranka ya daɗe. Kai ka ce ranar da na dama ya yi yaushi, a bakin aikina. Shi ya sa kullum nake tsinko maka sabo a tukunyata in canza, sai ka karɓe makullin."