Tunkiya a Tasin Hamidou

Da ƙyar tunkiyar ta shiga tasin Hamidou, don ƙaton kanta ya maƙale a ƙofa. Mutum ne cikin shigar wasa, ya fito daga taron masoya katun a tsakiyar Washington. Hamidou ya gane ta sarai. Tunkiya mai laima ce ta fim ɗin da Japanawa suka yi daga wani tsohon littafin yaran Ingila, wanda 'ya'yansa, su Hamida, suke kallo safe da yamma har kallon labarai ya gagare shi.

Ya tambayi inda za ta da Turanci. Sai ta rubuta sunan unguwar Lanham a waya ta nuna masa.

Suna tafe dariya na cinsa, har ya kasa daurewa. Ya ce da Hausa, "Ƙato da kai, ko kunya babu. Allah ya sa ba ka da iyali."

Wannan labari sai matarsa Uwani ta ji shi. Ya danna lambarta.

Sai waya ta soma ƙara a cikin tunkiya.

Can wata murya ta fito daga ƙaton kan. "Ina da iyali, Baban Hamida. Dubi hanya."