Busasshen Ramin da Aka Laƙaba wa Ya'u

Ka ce abin ya tsaya maka a rai, an yi wa ƙaninka takwara har sau biyu, kai kuwa ko tayi ba a yi maka ba. Ban ga laifinka ba, zuciya ce. Amma gyara zama in ba ka wani misali tun abin bai yi maka rassa ba.

A wani ƙauye an yi masu haƙar rijiya biyu da suka koyi sana'a a hannun mutum ɗaya. Babban ya fi gwaninta, wannan ko maƙiyinsa ya sani: in ya dubi ciyawar wuri ya ce a sara nan, to ruwa na nan. Ƙaramin, Zakariya'u, wanda ake ce wa Ya'u, bai kai shi ido ba, sai dai shi in ya haƙa maka rijiya kun ƙulla zumunci ke nan. Rani ya tsananta, zai zo ya yashe ta. Akuya ta faɗa, shi zai shiga ya fito da ita, taɓo har wuya, yana dariya. Don haka mutane suka dinga yi masa takwara: ga Ya'un Maƙera, ga Ya'un gidan Sarkin Fawa, ga Ya'u Baƙi, har aka rasa laƙabin bambanta su. Babban kuwa ba taron sunan da ke wuce shi. Zai zauna a gaba, ya karɓi goro, kunnensa na wajen liman. Da maroƙi ya ɗaga murya ya ce an sa wa yaro Zakariya'u, sai goron ya koma masa maɗaci. Ba gona yake nema ba, ba riga ba. So yake wata rana ya ji wata uwa ta leƙo ƙofar gida tana ƙwala wa ɗanta kira da sunansa, ya san in ya kwanta dama ba a binne shi duka ba. Kishi ya ci shi har ya zama in ya ji ana kiran wani yaro Ya'u sai ya sake hanya.

Wata shekara babban ya sari rijiya a bakin burtali, inda shanu ke bi, nesa da gari. Ya yi gaba goma sha huɗu, sai ya ci karo da dutse. Ya yi fama har ya gaji, ko danshi bai gani ba. To ka san al'ada, rijiya da sunan wanda ya haƙa ta ake kiran ta. Nan shaiɗan ya raɗa masa dabara. Duk makiyayi ko bafataken da ya biyo ya tambaya, sai ya ce, “Ai wannan Rijiyar Ya'u ce.” Makiyaya su koro shanu da ƙishirwa, su zura guga, su ji shi ƙwal a kan dutse, su tafi suna Allah wadai da Ya'u. Kafin damina magana ta kai kasuwanni, duk abin da aka buɗe aka tarar ba komai a ciki sai a ce aikin Ya'u. Har wani magidanci da ya yi niyyar takwara ya fasa ranar suna. Ranar nan babban ya tauna goronsa da daɗi, kuma wallahi ban taɓa jin farin ciki mai ban tausayi irin wannan ba.

Da labari ya kai wa Ya'u, bai je gaban dagaci ba, bai yi rantsuwa ba. Abin da ya ce wa matarsa kawai shi ne, “Sunan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, mutum goma sha ɗaya ke amsa shi. Ba zan bar musu shi a bakin busasshen rami ba.” Ya ɗora salkunan ruwa a kan jaki, ya ɗauki diga. Ya hura wuta a kan dutsen, in ya yi jawur ya kwara masa ruwa, in hayaƙi ya fita ya sauka ya sara. Kwana tara yana wannan, dutsen ya tsage. Bai ƙara ko gaba guda ba ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai, ba zartsi. Ashe idon babban bai yi ƙarya ba, haƙuri ne ya ƙare masa.

Shanu suka fara yada zango a wurin. Masu nono suka biyo shanu, mahauta suka biyo masu nono, aka kafa rumfa, rumfa ta zama kasuwa, kasuwa ta zama gari. Babban ya bi mutane yana cewa, “Ni na haƙa ta, gaba goma sha huɗu nawa ne!” Su ce, “Haba Baba, ba da bakinka ka gaya mana ta Ya'u ce ba?” Ya'u da kansa ya yi masa shaida a gaban jama'a, amma suna ya riga ya zauna, ko mai shi bai isa ya tashe shi ba. Da tsohon ƙauyen ya watse, dole babban ma ya kwaso iyalinsa ya dawo nan. Ruwan ya sha har ya mutu, da shi aka yi masa wanka. Yau jikokinsa in sun je baƙon wuri aka ce daga ina, sai su ce daga Rijiyar Ya'u, suna alfahari. Shi kuwa na tambayi tsofaffin garin sunansa, aka dubi juna, aka rasa mai tunawa.

To ka ji. Ba a banza Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce ba.