Masu Bugu Biyu da Injin Asibiti

Ranar Talata ce, ƙarfe tara da kwata na safe, bugun ya yanke a bayan gidana. Na duba agogo, domin tun muna makarantar mishan aka saba mana da duba lokaci in wani abu ya faru. Zauna, ɗan ƙanena, ka ji wani misali kafin ka ce ba za ka koma asibiti da wannan kafaɗa taka ba.

Wasu masu bugun tufafi ne su biyu, ana ce musu Dogo da Gajere. Tun suna samari suke zama a wata rumfa a bayan gidana, fuska da fuska, gungumen itace a tsakaninsu, kowa da mabuginsa, suna dukan rawani da shuni har ya riƙa walƙiya kamar bayan ƙwaro. In wannan ya ɗaga, wancan ya sauke. Matan unguwa da wannan amo suke sanin lokacin ɗora tukunya, ni kuma da shi nake gyaran aikin ɗalibaina. Da tsufa ya zo, ciwon jijiya ya kama su duka a gwiwar hannun dama, wuri ɗaya, kamar sun haɗa baki. An shafa man zafi, an yi ƙaho, an sha ƙwayoyi, ciwon yana nan. A ƙarshe aka tura su wajen masu gashin ƙashi. Can wata ma'aikaciya ta shafa wa Gajere wani mai mai sanyi, ta ɗora masa kan wani inji mai kama da tocila, injin ya shiga bugun jijiyar, tas-tas-tas. Ta ce bugun yana tashin naman da ya manta da warkewa ne, amma a hankali: sau ɗaya a mako, kuma hannun ya huta a tsakani.

Dogo yana kallo, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kai Gajere, ashe tsufa ya taɓa maka kai! Mu da muke sayar da bugu, mu za mu hau mota mu zo a buge mu?" Bai yarda an taɓa shi ba. Da ya koma gida ya ɗora hannunsa a kan gungumen nan, ya ɗauki mabugi da hagu, ya yi wa gwiwar abin da yake yi wa rawani, wai ya gama aikin makonni kafin azahar. Shi da ya fi kowa sanin cewa bugun rawani dabam, bugun riga dabam. Ƙashin ya tsage. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun bai ƙara miƙewa ba.

Gajere ya yi ta zuwa asibiti, yana cije haƙori. Kafin damina ta wuce hannunsa ya saki. Ranar Talatar nan ya koma kan gungume, ya ɗaga ya sauke, ya saurari amsa, babu. Ya yi ta bugu shi kaɗai kamar mai ɗingishi, sannan ya ajiye mabugin ya fita. Ƙarfe tara da kwata.

Waɗanda suka rage a rumfar: Dogo, da ke zuwa kullum ya zauna a tsohon wurinsa, hannu a naɗe cikin riga, jikarsa mai kawo masa koko, akuyar maƙwabta da ke kwana a kan gungumen, sai ni, a bayan katanga, da agogona.

Saboda haka ka koma su ƙarasa maka, ka bar mai cewa zai murza maka da kwalba a gida. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.