Wuƙa Mai Sawun Zabuwa

Tunda na ga kai ma abu ba ya shiga hannunka sai ka ƙwaƙule shi har hanji, zauna in ba ka misali. An yi wani direban babbar mota, ɗan maƙeri ne, amma tun yana saurayi ya raina zuga-zugi, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa cikin hayaƙin gawayi ba. Uban kuwa ba ƙaramin maƙeri ba ne. Wuƙar aljihu yake ƙerawa, mai ninkewa, da ƙotar ƙahon sa, kowace kuma sai ya buga mata tambari a gindin ruwanta, wato ƙarfen da ke yanka, zane uku kamar sawun zabuwa. Ranar da tsohon ya rasu ɗan yana can bakin teku da lodi. Kafin ya iso an yi bakwai, an raba kayan maƙera, ko allura ba ta rage ba. A lokacin abin bai dame shi ba. Sai da furfura ta fara fito masa sannan nadama ta sauka, ya rasa abin da yake so a duniya sama da wuƙa guda ɗaya da ta fito daga hannun ubansa, wadda zai riƙa taɓawa a aljihu.

Duk kasuwar da ya tsaya sai ya yi cigiya, mai cigiya kuwa shi ne abincin macuta. Sau biyu ana sayar masa da sabuwar wuƙa da aka binne cikin damshi da gishiri har ta yi tsatsa, aka kwaikwayi tambarin, aka sa mata ƙotar roba. Ta biyun ma sai da ya yi wata uku yana shafa ta yana yi wa mahaifinsa addu'a kafin rana ta lanƙwasa ƙotar a gaban mota. Wannan ta ƙona masa rai ƙwarai, daga nan ya daina yarda da kowa. Ana nan sai ga wani tsoho mai saƙar tabarma, wanda ya ji labarin cigiyar, ya yi tafiyar yini guda ya same shi a ƙofar gida da wata tsohuwar wuƙa, wadda ya ce a hannun mahaifin direban ya saye ta. Ya ce hannunsa ya fara rawa, ya bar sana'a, 'ya'yansa kuma ba mai son kaba, shi ya sa ya ga gara wuƙar ta koma gidan da ta fito, a ba shi abin da ya sauwaƙa. Direba ya karɓa fuska ba annuri. Ya gasa allura ya ɗosana wa ƙotar, ƙaurin ƙaho ya tashi, ba roba ba ce. Ya duba tambari, ga sawun zabuwa nan ya shuɗe amma yana nan. Ya ninke ta, ta yi ƙas, irin ƙarar da yake ji daga maƙera tun yana rarrafe, har sai da gabansa ya faɗi. Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Shi kuwa sai ya ce a ransa ai waɗancan ma sun sa gabansa ya faɗi.

Sai ya tuna da gwajin ubansa. In uban ya gama wuƙa, yakan kafa tsininta a kututturen ƙirya ya danna ƙotar gefe, in ruwan ya lanƙwasa ya dawo ya miƙe, to ta ci a kai ta kasuwa. Abin da direba bai sani ba, don bai zauna ya koya ba, shi ne wannan gwajin na sabuwar wuƙa ne mai kaurinta. Wannan kuwa shekara arba'in ke nan tana shan dutsen washi safe da yamma, ta siranta kamar ganyen kaba. Ya nufi wani kututture da ke zaure. Tsoho ya miƙa hannu ya ce, "Ɗana, a hankali, ta tsufa." Direba ya ɗauka tsoron tonon asiri ne, ya ce, "Baba, in ta gaskiya ce ai ba abin da zai same ta." Ya kafa, ya danna. Wuƙa ta ɗan lanƙwasa, sannan ta karye gida biyu. Ya ɗago guntun ya dubi bakin karayar, ya ga cikin ƙarfen lallausa, toka-toka kamar garin kwalli. Nan ya tuna ranar da uban ya kira shi ya nuna masa haka, ya ce ƙarfen da ya samu wuta da ruwa daidai haka cikinsa yake, na ha'inci kuwa tsaki-tsaki ne. A duk ƙasar babu mai fitar da ƙarfe haka sai mutum ɗaya, shi kuma yana kabari.

Direba ya zauna a ƙasa, baƙin ciki ya cika shi. Ya ce zai biya ko nawa ne. Tsoho ya girgiza kai, ya zare tsinin daga kututture da ƙyar, ya haɗa da ƙotar ya zuba masa a tafin hannu, ya ce, "Wuƙa na kawo maka, ba guntaye ba, me zan sayar? Shekara arba'in tana ci da ni ban taɓa neman ta rantse ba." Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya, ko ruwa bai sha ba. An kai guntayen wurin maƙera da dama, kowa ya ce in aka mai da ita wuta, aikin uban ya tafi, sai dai ta zama ta wani. Har direban ya mutu suna ƙulle a ƙyalle cikin aljihunsa, bai kuma sake jin labarin wata mai sawun zabuwa ba. Tabbaci dai ya samu, babu sauran shakka, amma babu wuƙa. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.