Ɗaukar Amaryar Tafki

Da wata guguwa ta tashi daga tsakiyar tafkinmu ta haye dutse, muka san njuzu, aljanin da ke riƙe mana ruwa, ya bar mu. Ba a jima ba tafkin ya koma taɓo, shanu suka fara faɗuwa.

Tafkin mutanen bayan dutse kuwa har tumbatsa yake yi, amma mai garinsu ya rantse ko cikin cokali ba za mu ɗiba ba, saboda tsohuwar rigimar gona.

Kakata ta sa muka ɗauki ganguna da tuluna, ta shige gaba tana guɗa har ƙofar gidansa.

Ya ce, "Iya, ai na ce babu ruwa."

"Wa ya roƙe ka? Njuzunku mace ce ko namiji?"

"Mace ce, kowa ya sani."

"Namu namiji ne, kuma da idonka ka ga inda guguwarsa ta sauka. Ina ka taɓa jin miji ya tare a gidan mata? Ɗaukar amarya muka zo."

Mai gari ya dubi tafkinsa, ya dubi gangunanmu. Sai ya durƙusa yana tafa hannu irin gaisuwar surukai.

"Iya, in ta tafi mun mutu."

"Tashi, suruki. Mu ba mugaye ba ne, a hankali za mu ɗauke ta."

Har yau, kullum da safe, muna kan ɗauko amaryarmu, tulu-tulu.